Ƙawancen Kamfanonin Kayan Sadarwa: Wa Ke Cin Riba, Wa Ke Biyan La'ada?

Mai karatu, na tabbata ka sha cin karo da irin labarin nan: kamfani kaza da kamfani kaza sun rattaba hannu a kan yarjejeniyar haɗin gwiwa domin inganta harkar sadarwa a Najeriya. A ƙarƙashin kanun sai hoton mutum biyu cikin kwat suna musabaha, kowa ya washe baki. In ka karanta labarin da kyau za ka ga kusan dukkansa daga takardar da kamfanonin suka raba wa 'yan jarida aka kwaso shi. Ba a gaya maka abin da kowane ɓangare ya kawo ba, ba a gaya maka abin da zai tafi da shi ba, balle a zo kan wanda zai biya kuɗin.

Wannan ɗabi'a ta yi wa kowane ƙawance tafi tun kafin a leƙa cikinsa ita nake so mu yi wa duban tsanaki yau. Matsayata a fili take. Haɗin gwiwa tsakanin kamfanonin kayan sadarwa ciniki ne kamar kowane ciniki, akwai mai cin riba, akwai mai biyan la'ada, kuma a mafi yawan waɗanda aka ƙulla a kanmu, mu ne a ɓangaren biya. Ga dalilaina, kai ma ka auna.

Ƙarfe guda, iyayen gida da yawa

Mu fara daga gida. In ka taso daga Kano ka kama hanyar Maiduguri, bayan kimanin kilomita 40 za ka haye gadar Wudil. A garin akwai jami'ar kimiyya da fasaha ta jihar Kano, wadda aka buɗe a 2001, aka kuma sa mata sunan Aliko Dangote a 2022. Akwai makarantar horar da hafsoshin 'yan sanda, ga kuma kasuwar shanu mai ci ranar Juma'a. Ɗalibin da ke rajista ta intanet, da falken da ya riƙe igiyar sa yana jiran alat ya shigo, da mai POS a bakin kara, dukkansu da ƙarfen sabis suka dogara.

To, wannan ƙarfen da muke ce wa "ƙarfen MTN" ko "ƙarfen Airtel", sau da yawa ba nasu ba ne. A 2014 MTN ta miƙa turakunta sama da 9,000 ga wata haɗaka da kamfanin IHS ke gudanarwa, ita kuma Airtel ta sayar da kusan 4,800 ga American Tower a kan dala biliyan 1.05. Tun daga nan suka koma 'yan haya. Fili da ƙarfe da janareta da batura da mai gadi na kamfanin turaku ne. Eriya da na'urar rediyon da ke rataye a sama, da akwatin da ke sarrafa sigina a ƙasa, ƙirar ɗaya daga cikin kamfanoni huɗu ne a mafi yawan lokuta: Huawei da ZTE na ƙasar Sin, Ericsson na Suwidin, Nokia na Finlan. Zangon iskar da siginar ke bi kuwa hukumar NCC ce ke bayar da lasisinsa. Kiran minti guda da ka yi daga Wudil zuwa Gaya ya ratsa ta yarjeniyoyi da dama da ba ka taɓa ganin takardarsu ba.

Me ke sa kishiyoyi su haɗa kai?

Kada mu yi wa kamfanonin nan rashin adalci, suna da dalilai masu ƙarfi. Na farko tsada. Ƙirƙiro sabon ƙarni na sadarwa, daga 4G zuwa 5G misali, yana cin shekaru kusan 10 da biliyoyin daloli a bincike kafin a sayar da na'ura ko guda. Na biyu shiga kasuwa. Akwai ƙasashen da baƙo ba ya sayar da kaya a cikinsu sai ya samu ɗan gari ya tsaya masa. Na uku haƙƙin mallakar ƙirƙira. Babu kamfanin da zai haɗa na'urar 5G ba tare da ya taka fasahar da wani ya yi wa rajista ba, don haka dole su riƙa musayar izini a tsakaninsu.

Duk wanda ya san kara ya san irin wannan zama. Fatake uku kan haɗa kuɗi su ɗauki tirela guda zuwa Kudu, saboda ba wanda shanunsa za su cika ta shi kaɗai. A hanya 'yan'uwa ne, tare suke biyan direba da kuɗin shinge. Ana sauke shanu a Legas, kowa ya koma neman yadda zai riga ɗan'uwansa sayarwa. Ba wanda ya yaudari wani, kowa ya san iyakar tafiyar. Matsalar tana farawa ne idan aka zo ana gaya wa mai sayen nama cewa don shi aka haɗa tirelar.

Yadda auren ya saba ƙarewa

Tarihin shekaru 25 da suka wuce ya ishe mu madubi. A 2001 Sony na Japan da Ericsson suka kafa Sony Ericsson, rabi da rabi, don ƙera wayoyin hannu. A 2012 Sony ya saye kason Ericsson a kan Yuro biliyan 1.05. A 2007 Nokia da Siemens na Jamus suka haɗe sassansu na kayan sadarwa. Kafin ƙarshen 2011 kamfanin haɗakar ya sanar da rage ma'aikata 17,000, a 2013 kuma Nokia ya biya Siemens Yuro biliyan 1.7 ya sallame shi. Alcatel na Faransa da Lucent na Amurka sun zama abu guda a 2006, suka shafe shekaru suna tafka asara, har Nokia ya haɗiye su a 2016 a cinikin Yuro biliyan 15.6. A ƙarshen 2015 Ericsson da Cisco suka shelanta ƙawancen da suka ce zai ƙara wa kowannensu cinikin dala biliyan 1 ko fiye zuwa 2018. Shekarar ta zo, maganar ta riga ta yi sanyi.

Wanda ya fi koyar da darasi shi ne na Huawei da 3Com. A Janairun 2003 Cisco ya maka Huawei a kotu a Amurka bisa zargin kwafar masa manhaja. Ana cikin shari'ar sai Huawei ya ƙulla haɗaka da 3Com, tsohon abokin hamayyar Cisco. Huawei na neman ɗan gari da zai tsaya masa a Amurka, shi kuma 3Com na neman injiniyoyi da kaya masu sauƙin kuɗi. Aka janye ƙarar a 2004. Zuwa 2007 3Com ya saye kason Huawei a kan dala miliyan 882, a 2010 kuma HP ya saye 3Com ɗin ɗungurungum. Huawei ya fita da kuɗi da gogewa, sunan 3Com ya ɓace daga kasuwa.

Ka lura da abu guda a duk waɗannan misalai. Ƙawancen kan ɗore ne iya lokacin da kowane ɓangare ke buƙatar abin da ke hannun ɗayan. Duk wanda ya riga koyon sana'ar abokinsa, shi ke da bakin magana ranar rabuwa. Hausawa sun ce in ka ga kare na shinshina takalmi, ɗauka zai yi. Sakamakon a fili yake: a farkon shekarun 2000 mai neman kayan sabis na iya zaɓa tsakanin Ericsson, Nokia, Siemens, Alcatel, Lucent, Motorola, Nortel da sauransu. Nortel na Kanada ya durƙushe a 2009, yawancin sauran an haɗe ko an haɗiye. Duk lokacin da masu sayarwa suka ragu, bakin mai saye a ciniki raguwa yake yi. Wannan ɓangaren ba ka taɓa ganinsa a takardar sanarwa.

Wanda ya yi amfani da gaske

Akwai haɗin kan da ya cancanci yabo, kuma abin mamaki shi ne wanda ba a cika ɗaukar hotonsa ba. A 1987 hukumomi da kamfanonin tarho na Turai suka amince su bi ƙa'ida guda wajen gina tsarin GSM, aka yi kiran farko a kansa a Finlan a 1991. A 1998 aka kafa 3GPP, zauren da injiniyoyin kamfanoni masu gaba da juna ke zama su rubuta ƙa'idojin 3G da 4G da 5G. Albarkacin wannan ne Tecno ɗinka ko itel ke magana da eriyar Ericsson yau, gobe ta yi da ta Huawei, ba tare da ka sani ba. Albarkacinsa ne kuma, da aka yi gwanjon lasisin GSM a Najeriya a Janairun 2001 a kan dala miliyan 285 kowanne, MTN da Econet suka fara aiki a watan Agustan shekarar. Kayan na nan a kasuwa, saye kawai aka yi.

Me ya bambanta shi da sauran? Sakamakonsa a buɗe yake, kowa na iya sauke ƙa'idojin ya karanta. Amma ko a nan akwai la'ada. Kamfanin da ya yi nasarar shigar da ƙirƙirarsa cikin ƙa'idar zai riƙa karɓar kuɗi a kan na'urorin da ke amfani da ita. Ka ga darajar abin a 2011, lokacin da Apple, Microsoft, Ericsson, Sony da wasu suka haɗa kuɗi suka saye takardun ƙirƙira kusan 6,000 na Nortel a kan dala biliyan 4.5. Kamfanin ya mutu, takardunsa na ci gaba da kawo kuɗi. Wani ɓangare na kuɗin wayar da ka saya a Farm Centre can yake tafiya.

Sin ta sa sharaɗi, mu me muka sa?

Nan ne sukar tawa ta fi zafi. A 1984 gwamnatin Sin ta kafa kamfanin Shanghai Bell tare da wani kamfanin tarho na Beljiyam, wanda daga baya ya koma hannun Alcatel. A lokacin Sin ba ta iya ƙera na'urar haɗa kira ta zamani ba. Ta buɗe kasuwarta, amma da sharaɗin a ƙera kayan a cikin ƙasarta, a kuma koya wa injiniyoyinta yadda ake yi. Ilimin bai tsaya a masana'anta guda ba, ya bazu. Huawei da aka kafa a 1987 yana dillancin na'urorin da ake shigo da su daga Hong Kong, zuwa 1993 ya fito da tasa na'urar, ya fara sayarwa a ƙauyuka da ƙananan garuruwan da manyan kamfanonin waje suka raina.

Yanzu dubi namu. A zamanin mulkin Obasanjo aka ƙaddamar da shirin kai tarho karkara da rancen dala miliyan 200 daga Sin. Cikin waɗanda aka ba aikin har da ZTE da Alcatel Shanghai Bell, wato jikan waccan haɗaka ta 1984. Shirin ya yi ta jan ƙafa, har wayar salula ta riga shi isa ƙauyukan da aka yi shi dominsu. Irin wannan rance kan zo da sharaɗin kamfanin ƙasar da ta bayar ne zai yi aikin, kuma kowa ya ci ladan kuturu dole ya yi masa aski. Su sun shiga ƙawance sun fito da masana'anta, mu mun shiga mun fito da bashi.

Za ka iya cewa ai ana horar da ɗalibanmu. Gaskiya ne. Huawei na da cibiyoyin horo a jami'o'in ƙasar nan da dama, kuma ɗaliban Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya sun yi fice a gasar da kamfanin ke shiryawa ta duniya. Ba na raina wannan, takardar shaidar na sama wa matasa aiki. Sai dai mu kira abu da sunansa. Horo ne na yadda za ka girka kayan kamfani guda, ka saita su, ka kula da su. Kamfanin na samun ma'aikatan da suka saba da kayansa, wanda hakan ke ƙara wa kwastomansa wahalar sauya sheƙa. Injiniyan da ya gama a Wudil zai iya hawa ƙarfe ya ɗaura eriya, ya kuma gano inda fiba ta yanke. Abin da ke cikin akwatin kuwa a kulle yake, in ya lalace sai a cire a sa wani da aka shigo da shi da dala.

Kuma ba dokoki muka rasa ba. Tun 1979 muke da hukumar NOTAP mai rajistar yarjeniyoyin shigo da fasaha. A 2021 gwamnatin Buhari ta fito da manufar bunƙasa kayan cikin gida a harkar sadarwa, a 2022 kuma minista Isa Ali Pantami ya sanar da hana shigo da katin SIM daga waje. Mataki ne, amma katin SIM shi ne mafi sauƙi a cikin jerin kayan. Babban kuɗin yana can saman ƙarfe.

Inda la'adar ke isowa aljihunka

Sayar da turakun da aka yi a 2014 an tallata shi a matsayin dabara: kamfanin layi ya huta da sayen gas da gadi, ya fuskanci kwastoma. Akwai gaskiya a ciki, don ƙarfe guda ya ɗauki eriyar kamfani biyu ko uku ya fi kowa ya kafa nasa. Abin da ba a ɗaga murya a kansa ba shi ne wani kaso na kuɗin hayar an ɗaure shi da dala. Da aka saki naira a Yunin 2023, sai lissafi ya birkice. MTN Najeriya ta bayyana asarar naira biliyan 137 a 2023, da kimanin biliyan 400 a 2024, akasari saboda canjin kuɗi. A Agustan 2024 ta sake zama da IHS aka rage kason dalar. A Janairun 2025 NCC ta amince da ƙarin farashin kira da data har kashi 50 cikin 100. Ba hayar turaku kaɗai ta jawo ƙarin ba, akwai tsadar gas da hauhawar farashin komai. Amma ka ga yadda sharaɗin da aka rubuta a ofis shekaru 10 baya ya biyo hanya har ya iso katin da kake sawa.

A Maris 2025 kuma MTN da Airtel suka sanar za su riƙa amfani da kayan juna a Najeriya da Yuganda. A shekarar dai NCC ta amince kwastomomin 9mobile su hau kan sabis ɗin MTN. A kimiyyance akwai hujja. Zangon da aka yi gwanjonsa don 5G a Disambar 2021, wanda MTN da Mafab suka biya dala miliyan 273.6 kowanne, na 3.5GHz ne, tsawon igiyarsa bai kai santimita 9 ba. Na 900MHz da GSM ya fara da shi ya kai kusan santimita 33. Gajeriyar igiya na ɗaukar data mai yawa, amma ba ta nisa kuma bango na tare ta, don haka tana buƙatar turaku kusa da kusa. Shi ya sa 5G ya fara da manyan birane irin su Legas, Abuja da Kano. Gari kamar Wudil zai fi saurin samu idan kamfanoni suka raba kuɗin ginin.

To amma akwai abu biyu da ya kamata ka riƙe. Na farko, kowace eriya tana da iyakar abin da za ta ɗauka, kuma duk wayoyin da ke ƙarƙashinta rabawa suke yi. Ranar Juma'a da kara ta cika, haɗa kamfani biyu a ƙarfe guda ba ya ƙara faɗin hanyar, sai an ƙara zango ko eriya ko an faɗaɗa fibar da ke kwashe datar zuwa Kano. Na biyu, dalilin da ya sa yawancinmu ke riƙe layi biyu shi ne in wannan ya ɗauke a koma wancan. Idan layukan biyu suka koma kan janareta guda da fiba guda, ranar da mai gyaran titi ya tsinke ta tare za su ɗauke. Layi biyu a waya, hanya guda a ƙasa.

Sabuwar riga mai suna buɗaɗɗen tsari

A 2018 wasu manyan kamfanonin layi, ciki har da AT&T, Orange da China Mobile, suka kafa ƙawancen O-RAN. Manufarsa a buɗe mahaɗar da ke tsakanin rediyon sama da akwatin ƙasa, yadda za ka sayi wannan a wurin wani, wancan a wurin wani. A tsarin da aka saba, dole duka biyun su fito daga kamfani guda. Tunani ne mai kyau, kuma shi ne ƙofar da ƙananan kamfanoni da jami'o'i za su iya bi. Sai dai a Disambar 2023 AT&T ya bayar da kwangilar wannan buɗaɗɗen tsari, ta kusan dala biliyan 14, ga Ericsson, ya ture Nokia gefe. Tsarin da aka ce zai yawaita masu sayarwa ya ƙare da babbar kwangila a hannun ɗaya daga cikin tsofaffin. Ga kuma siyasa. Tun Mayun 2019 Amurka ta sa wa Huawei takunkumi, Birtaniya kuma ta yanke a 2020 cewa za a cire kayansa daga 5G ɗinta zuwa 2027. Ƙasar da ta jingina sadarwarta da ɓangare guda, rikicin da ba nata ba na iya shafar kayan gyaranta.

Abin da za ka tambaya

Ba ina cewa a guji ƙawance ba, hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Ina cewa a daina yi masa guɗa kafin a ga lefe. Duk ranar da ka sake ganin hoton musabahar nan, ka nemi amsar tambayoyi huɗu. Da wane kuɗi za a biya, naira ko dala? Bayan shekara biyar, wane aiki injiniyanmu zai iya yi da kansa wanda yau ba ya iyawa? In an ɓata, nawa za a kashe kafin a sauya kayan da na wani kamfani? Kuma waɗanne garuruwa ne a jadawalin, a wace shekara?

Ɗan jaridar da bai samu amsar ko guda ba, talla ya buga. NCC da hukumar kula da gasa ta FCCPC na da hurumin duba irin waɗannan yarjeniyoyi, ya kamata su riƙa bayyana wa jama'a sharuɗɗan da suka shafi farashi da ingancin sabis. Jami'o'inmu kuma, ta Wudil da Bayero da ABU, duk kamfanin da ya zo da tayin cibiyar horo su nemi ƙari: ɗakin gwaji mai kayan kamfani fiye da guda, damar buɗe na'ura a ga cikinta, da gurbin bincike ga ɗaliban digiri na biyu da na uku. Ƙa'idojin 3GPP kyauta suke a intanet, akwai kuma manhajojin gina ƙaramar tashar 4G da 5G da kowa zai iya saukewa, irin su srsRAN da OpenAirInterface. Da kwamfuta mai ƙarfi da ƙaramar na'urar rediyo, sashen injiniyan lantarki zai iya tayar da tashar gwaji a cikin aji. Daga irin wannan ɗakin ake samun mutanen da za su zauna a teburin ciniki su san abin da za su nema.